Kafin a ce a hana babur a kauyukanmu, dan Allah a saurari mu masu hawansa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya kara basira. Dan Allah ka bani dan fili a jaridar nan taka, akwai abinda yake cina a rai kusan wata guda kenan, na fada a majalisa na fada a kofar masallaci amma naga kamar ba'a fahimceni ba, shine nace bari in rubuto ko za'a samu wanda zai karanta a tsanake.

Ni mutumin wani kauye ne a karamar hukumar Taura ta jihar Jigawa, bamu da nisa da Gujungu. Noma nakeyi, in kaka tayi kuma ina dan taba sayen ridi da zobo in kai kasuwa. Amma duk wanda ya sanni a yankin nan da babur ya sanni. Yarana tun kafin in shawo kwanar gida sun san nine, karar injina daban take a kunnensu. Bazan boye ba ina son babur, so na gaske, irin wanda mutum zai dawo daga sallar asuba ya dauko tsumma ya goge shi tas kafin ma ya karya kumallo.

Abinda ya faru shine anyi biki a unguwarmu, wajen kai amarya samari suka fito da babura sunfi ashirin, an ciccire musu hancin salansa kara kamar za'a tsaga gari. Wannan ya daga gaba, wancan ya saki hannu, wani ya mike tsaye akan sit. Dan makwabcina, yaron da a gabana aka rada masa suna, ko shekara 17 bai cika ba, ya dauki babur din yayansa ya shiga cikinsu. Daidai kwalbatin da ke bakin gari ya juyo yana kallon 'yan mata da suke masa guda, ashe tayar gaba ta hau yashi. Kansa ne ya fara sauka. Ina cikin wadanda suka daga shi, hularsa na can gefe, takalmi daya a kafa daya a kwata, wallahi har yau in na rufe ido ina gani.

To tun daga ranar maganar da ake a gari guda ce. Wani dattijo da nake ganin girmansa yace babur din nan annoba ce a kwashe su gaba daya a huta. Wasu suna cewa a rubuta wa hukuma ta hana goyo a kauyuka kamar yadda akayi a birnin Kano. Ban ga laifinsu ba, zafin abin ne. Amma Malam Edita in aka bi wannan shawarar mu mutanen karkara ne zamu kwana a ciki, kuma yaran da ake son a tsare baza su tsaru ba.

Maganar birnin Kano da ake kawowa ai a kaina ta kare, dan haka na santa. Lokacin ina acaba a birni da wani tsohon Jincheng da na saya na hannu, irin mai hayakin nan da sai ka zuba masa man tuti, bakin man da yake konewa tare da fetur. A watan Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kwanaki kadan bayan nan gwamnatin Kwankwaso ta hana acaba. Muka tattaro muka dawo gida. Amma ka duba, birni yana da kwalta, yana da motocin haya, 'yan A Daidaita Sahu suka cike gurbin nan da nan. Mu fa? Wace A Daidaita ce zata shiga yashin da ke tsakaninmu da titi? Ko a Zamfara da Katsina da aka takaita zirga-zirgar babura a 2021 ai saboda 'yan bindiga ne, matsalar tsaro ce ta kai makura. Tamu matsalar ta tarbiyya ce da sakaci, maganinta daban.

Bari in baka labarin dare daya kaga matsayin babur a wajenmu. Damunar 2022 da akayi ambaliyar nan da ta cinye gonaki da gidaje a bangaren Ringim da Hadeja da sauran wurare, a cikinta maidakina ta tashi da nakuda wajen karfe biyun dare. Ungozoma ta duba tace wannan ba ta gida bace, a tafi asibiti. Mota bata shigowa garinmu tun da ruwa ya yanke hanya, amalanke kuma in ka daura wa shanu sai gari ya waye baku isa ba. Na fito da babur dina kirar Boxer, na sassauta iskar tayoyi kadan saboda yashi, maidakina a tsakiya, Inna a baya ta rungumeta tana ta karanto addu'o'i. Giya ta biyu na rike kusan duk tafiyar, ban taba birkin gaba ba ko sau daya, dan a yashi ko tabo kana matsa shi zakaji ka a kasa. Da muka iso inda ruwa ya haye hanya sai na sauka na shiga da kafa na auna, ya kawo min kasan gwiwa, nace Inna ku rike da kyau. Na danna totur daidai ban kara ba ban rage ba, saboda in ka sassauta a tsakiyar ruwa sai ya shige ta salansa inji ya mutu, in kuma ya mutu a nan shikenan. Muka haye. Yarinyar da aka haifa da asubar ranar gata nan tana yawo a tsakar gida, har yanzu Inna in taga ina wanke babur sai tace a wanke shi da kyau wannan dan gida ne.

Ba ni kadai bane. Taki a babur ake kaiwa gona. Buhun gero, akuya biyu a daure a kariyar bayan babur ranar Lahadi zuwa kasuwar Gujungu, ranar Alhamis a wuce Gumel a nufi Maigatari. Malamin firamare da aka turo mana daga wani gari da babur yake zuwa, masu rigakafi da babur suke shigowa, in anyi rasuwa da shi ake zagawa dangi a fada. Aikin da jaki yayi wa kakanninmu shi babur yake mana yau, har da kari.

Ni son babur a wajen kawuna na dauka. Yana da wata Suzuki ja, ranar Juma'a in zai tafi masallaci ni nake wanke masa, ladana shine ya barni in zauna akai in rike kan babur din yana kafe a zaure. Sai da na shekara biyu ina wanki kafin ya yarda na buga kik. Kuma kafin ya barni in motsa sai da ya koya min duba bakin mai, da daure cen, da yadda ake cire filogi a karanta shi: in kaga bakinsa ja-ja kamar kasar burji inji lafiya, in yayi baki kirin da toka mai yayi yawa ko iska bata shiga, in ya jike da bakin mai to ringi ya fara tafiya ka fara tara kudin garambawul. Yace min duk wanda bai iya sauraron inji ba bai isa hawa ba, dan babur kafin ya kayar da kai sai ya fada maka. A lokacin ina ganin kamar rowa yake min. Yanzu yaro ko kafarsa bata kai kasa ba an mika masa makulli an ce jeka sayo kankara.

Dadin babur kuwa sai wanda ya sani. Ka fito da sassafe bayan an kwana ana ruwa, kasa ta lafa ba kura, gero ya fara bununi dama da hagu, inji yana tafiya sumul ba tari ba gardama, iskar nan tana dukan kirjinka. Wallahi ko damuwa ce da kai sai kaji ta ragu. Muna da 'yar majalisa a gindin darbejiyar bakanikenmu, mu bakwai ko takwas, a sha shayi ayi ta musu, wannan yace Boxer yafi juriya wancan yace TVS, mai Haojue yace ku dai kuna fama, dattijon cikinmu kuma har gobe yana kan bakansa cewa tun daga Honda na da ba'a sake yin babur ba. Acikinmu babu wanda yake tseren biki, ko daya. Wanda ya san nawa ake sayar da fistin da ringi bazai murde totur har karshe dan 'yan mata suyi masa tafi ba.

Wahalarsa ma ba kadan bace, kuma itace ta fi yawa a 'yan shekarun nan. Boxer din nan da na saya sabo a 2016 kudinsa bai kai dubu 300 ba, yau in bakada sama da miliyan daya kar ma ka tsaya a shagon. Mai kuwa kowa ya sani, kafin 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu yace tallafi ya tafi, lita bata kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, kafin karshen 2024 ta haura 1000. Da in na tashi cika tanki nakeyi, yanzu sai in tsaya ina lissafi, zuwa gaida Gwaggo a wancan kauyen zai ci rabin lita, a bari sai an hada da wata bukatar. Zumunci kansa ya ragu saboda mai, wannan gaskiya ce. Gashi mu bamu da gidan mai kusa, sai 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba da galan, wasu tsakani da Allah suke, wasu kuma sai ka zuba ka tafi kaji babur yana shaka yana tari, ka bude kafireto kaga ruwa kwance a kasa. In dai maganar mai ake mu mutanen Taura akwai tabon da bazai goge ba, daren 15 ga Oktoban 2024 da tankar mai ta fadi a Majiya mutane suka fita diba wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, mafi yawa samari. Allah ya jikansu ya gafarta musu. Ranar da akayi jana'izar na kasa tada babur, kwana uku yana zaure ko kallon tankin bana son yi.

Sai kayan gyara, wanda shine yafi kona min rai. Kwanaki na sayi cen da sifaket a wani shago, kwali mai kyau da tambari da komai, mai shagon harda rantsuwa orijina ne. Sati uku hakoran sifaket suka kode suka zama kamar kaya, cen ya zame min ina dauke da buhu biyu na ridi, Allah ne ya tsare a yashi nake ba'a kwalta ba. Araha bata ado mun sani, amma wannan ba araha na saya ba, kudin mai kyau na biya aka bani jabu. Haka bakin mai, a juye tsoho a tace a zuba a sabon galan a like. Kayi juye kana murna ashe guba ka zuba wa inji. Takalmin birki ma akwai jabu, kuma wannan kai tsaye da ran mutum ake wasa. In hukuma tana neman inda zata sa hannu a harkar babur to ga waje nan.

Lokacin hunturu kuma kura ce, duk sati sai na cire soson iska na wanke na shanya na dan shafa masa bakin mai, in ka kyale shi mai zaita zurarewa kana cewa tsada ce. Kayar aduwa da faci kuwa ba'a magana, akwai ranar da nayi faci uku tsakanin gida da titi na karasa da turi cikin rana. Ga barayi, ba dama ka kafe a kasuwa ka juya baya sai da kwado da sarka, da daddare kuma a cikin daki yake kwana kusa da buhunan hatsi. Ga wasu masu tsayawa a hanya ranar kasuwa, ko takardunka sun cika sai an nemo abinda za'a ce dan a karbi na goro, wanda bashi da ko lamba kuma in ya mika ya wuce. To ta yaya yaro zai dauki doka da muhimmanci?

Bari in fadi laifinmu mu ma, dan ba daidai bane in ta nuna wasu da yatsa. Hular kwano. A farkon 2009 da hukumar kiyaye hadura ta fara tilasta sa ta, ina Kano, da idona naga masu kifa kwarya a ka suna daure ta da igiya dan su wuce jami'ai, muna ta dariya. Ni kaina shekaru nayi bana sawa, ina cewa zafi, ina cewa tana hana ji. Sai da wata akuya ta gitta min a kan kwalta wajen magariba na fadi, goshina ya sha dinki, sannan na saya. Yau ko gona zani sai na sa, ana tsokanata wai ko jirgi zan tuka, bana kulawa. Ranar da muka daga yaron nan abinda yake ta zuwa min a rai kenan, da akwai hular nan a kansa da watakila karaya ce kawai mai dori ya gyara. Kuma na sha ganinsa yana wucewa a guje ta gaban majalisarmu, ban taba tsayar dashi nayi masa fada ba, ina cewa dan wani ne kar ubansa yaji haushi. Wannan shirun yana damuna.

Mutane sunata cewa tsautsayi baya wuce ranarsa. Gaskiya ne mun yarda da kaddara, amma ai malamai sun karantar damu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai rakumi ya daure shi sannan yayi tawakkali. Tsayuwa akan sit a guje ba tsautsayi bane, ganganci ne, kuma a gaban manya akeyi. Uwar amarya tana jin dadi ance bikin 'yarta babura talatin suka raka, ango shi yake sayen man da ake zubawa, mu kuma muna gefe muna kallo. In an fadi sai ace babur.

Dan haka rokona ga masu unguwanni da dagatai da hakimanmu, da limamai masu daura aure, wannan abu a hannunku yake ba sai an jira gwamnatin jiha a Dutse ba. Tun wajen sa rana a fada wa iyayen ango da na amarya cewa ba'a yarda da wasan babur ba, a kai amarya a hankali cikin mutunci, wanda ya karya a san hukuncin da gari zai masa. In mai unguwa da liman suka hada baki akan abu a kauye ya zauna, mun gani a wasu al'amuran. Iyaye kuma dan girman Allah makulli ba abin wasa bane, in yaro ya kai ya hau a hada shi da wanda zai koya masa da gaske, a saya masa hular kwano tare da babur din a matsayin kudi daya. Mu a majalisarmu mun yanke shawara, bakanikenmu yace duk yaron da ya kawo masa salansa a fasa bazai taba ba ko nawa zai biya, mu kuma duk yammacin Asabar wanda yake son koyo ya samemu a filin makaranta kyauta, mu nuna masa birki da kwana da tafiyar yashi. Satin farko yara hudu suka zo, na biyu tara.

Gwamnati kuma in zata taimaka, ta kawo mana yin lamba da lasisi kusa, ko ranar kasuwa ce a kafa tebur a Gujungu da kudi sananne a rubuce, mutane zasuyi. Da yawa ba kin yi suke ba, wahalar zuwa da rashin sanin takamaiman kudin ne yake korarsu. A bi masu shigo da jabun kaya. Yashin da yake taruwa a bakin kwalbatoci da kwanoni a kwashe, wannan ko mu a bamu izini da shebur zamuyi.

Yaron yana nan da rai alhamdulillah, an dawo dashi daga asibiti a Kano bayan kwana goma sha tara. Ubansa ya sayar da shanun hudarsa guda biyu da rabin geron bana. Jiya bayan la'asar na shiga duba shi, yana kwance a tabarma a rumfa, ya ganeni ya kama hannuna ya rike amma maganar bata fita sosai tukuna, likita yace a hankali. Da zan fito uban ya rakoni zaure ya yaye buhun da aka rufe babur din dashi, gaba ta lankwashe tanki ya lotse, yace Malam kai ka san harkar, ka duba abinda zai sayu aciki dan akwai sauran magani da za'a saya. Na duba, inji lafiyarsa kalau ko kwarzane babu. Ranar Lahadi in Allah ya kaimu zan dora a amalanke zuwa titi in kai Gujungu. Masu karatu dan Allah a sa yaron nan a addu'a.

Nagode Malam Edita, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani mai son babur, daga karkarar Taura, jihar Jigawa